DOKTA WILLIAM TILLETT, LIKITAN DA YA GANO MAGANIN NARKAR DA GUDAN JINI

Dokta William Smith Tillett likita ne Ba'amurke, kuma shehun malami a jami'a, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1974. Duk tsawon aikinsa abin da ya sa gaba shi ne binciken ƙwayoyin cuta, musamman masu kawo ciwon huhu, bai kuwa taɓa zama likitan zuciya ba. Amma duk da haka ba a ba da tarihin maganin bugun zuciya sai an ambaci sunansa, domin shi ne ya gano sinadarin nan da ake kira sitireftokinas, wanda yake narkar da gudan jini bayan ya riga ya daskare. Ya gano shi cikin 1933, amma sai da aka shekara 53 kafin likitocin duniya su tabbatar da cewa yana ceton ran wanda gudan jini ya toshe wa jijiyar zuciya. A lokacin da aka tabbatar kuwa, Tillett ya shekara 12 da rasuwa.

HAIHUWA DA KARATU

An haife shi ran 10 ga watan Yuli na 1892 a garin Charlotte, cikin jihar Carolina ta Arewa, mahaifinsa kuwa lauya ne. Ya sami digirinsa na farko a jami'ar jiharsu cikin 1913, sa'an nan ya wuce makarantar koyon aikin likita ta Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, wadda a zamanin nan ba ta da ta biyu a Amurka. Ya gama cikin 1917, watau shekarar da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, saboda haka aikin likitan soja ya fara yi, har aka kai shi Faransa. Bayan yaƙi ya koma Johns Hopkins ya ƙara gogewa a kan jinyar marasa lafiya, kana cikin 1922 ya sami gurbi a asibitin Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York.

A wancan zamani ba a sami fenisilin ba tukuna, ciwon huhu irin na nimoniya kuwa yana cikin manyan cututtukan da suke kashe mutane, har da majiya ƙarfi. Asibitin Rockefeller ya ba da himma ƙwarai ga binciken ƙwayar cutar da take kawo shi, a ƙarƙashin wani masani mai tsananin taka-tsantsan, Oswald Avery. Tillett ya shekara takwas a wannan asibiti, a nan ne kuma ya saba da zirga-zirga tsakanin gadon majiyyaci da ɗakin gwaje-gwaje, ɗabi'ar da bai rabu da ita ba har ya bar aiki.

Cikin 1930, shi da abokin aikinsa Thomas Francis suka lura da wani abu. In aka ɗebi ruwan jinin mai ciwon nimoniya a lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa, aka haɗa shi da wani ɓangare na jikin ƙwayar cutar wanda suka sa wa alamar C, sai a ga wani gari-gari ya kwanta a ƙasan kwalba. Da zarar majiyyacin ya fara samun sauƙi, sai abin ya ɓace. Daga baya aka gane cewa wani furotin ne da hanta take yi duk sa'ad da jiki ya shiga kumburi ko wata tsoka ta lalace. Shi ne ake kira CRP, awonsa kuma yana cikin gwaje-gwajen jini da asibitoci suke yi kullum. Yakan hau a jinin wanda tsokar zuciyarsa ta lalace, kamar yadda yake hawa a jinin mai ciwon huhu. Ko da a nan Tillett ya tsaya, da ya isa a riƙa tunawa da shi.

KWALABEN DA BA A WANKE BA

A wannan shekara ta 1930 ya koma Johns Hopkins ya zama malami, ya kuma juya ga wata ƙwayar cuta dabam, sitireftokokas, mai kawo ciwon maƙogwaro da zazzaɓin haihuwa da ruɓewar rauni. Kafin a fahimci abin da ya gano, tilas a san yadda jini yake daskarewa. Cikin ruwan jini akwai wani furotin narkakke da ake kira fibirinojin. In an ji rauni, sai ya rikiɗe ya zama zare-zare masu ƙarfi, watau fibirin, su saƙu kamar taru, su kama ƙwayoyin jini. Wannan saƙa ita ce gudan jini. Ruwan da ya rage bayan gudan ya haɗu ba shi da sauran fibirinojin a cikinsa.

Tillett ya lura cewa ƙwayoyin sitireftokokas suna cuɗewa wuri guda in an zuba su cikin ruwan jinin da bai daskare ba, amma ba sa yin haka cikin ruwan da ya rage bayan daskarewa. Sai ya yi zaton fibirinojin ne yake manne musu. In haka ne kuwa, to, ruwan jinin da aka zuba wa ƙwayoyin zai yi jinkirin daskarewa, tun da sun kwashe wani kaso na fibirinojin ɗinsa. Ya jera 'yan kwalabe, wasu da ƙwayoyin, wasu babu, ya ɗiga musu kalsiyam don su daskare, ya zauna yana duban agogo. Duka suka daskare lokaci guda. Zatonsa bai tabbata ba, sai ya bar kwalaben a mazauninsu bai wanke su ba.

Da ya waiwaye su daga baya, sai ya tarar kwalaben da babu ƙwayoyin suna nan da gudansu daram, amma waɗanda aka sa wa ƙwayoyin sun koma ruwa. Mai bincike da yawa da ya zubar da su a kan cewa gwajin ya riga ya lalace. Shi kuwa sai ya ajiye tambayar da ya fara da ita, ya bi wannan sabuwa. Shi da wani abokin aikinsa, R. L. Garner, suka tace ruwan da aka reni ƙwayoyin a ciki har ba sauran ƙwaya ko ɗaya, suka ga ruwan kaɗai yana narkar da gudan jinin mutum cikin 'yan mintoci. Wannan ya nuna cewa wani sinadari ne ƙwayoyin suke fitarwa. Suka buga sakamakon cikin 1933.

Amfanin sinadarin ga ƙwayar cutar a fili yake. Jiki yakan gina katangar fibirin kewaye da wurin da cuta ta shiga don ya tsare ta, ita kuwa sai ta narkar da katangar ta bazu. Har ila yau Tillett ya gano cewa gudan jinin mutumin da bai daɗe da warkewa daga ciwon sitireftokokas ba yakan ƙi narkewa, domin garkuwar jikinsa ta riga ta san sinadarin, tana kashe masa kaifi. Wannan magana ta dawo da muhimmancinta bayan shekaru masu yawa, sa'ad da sinadarin ya zama magani.

A ASIBITIN BELLEVUE

Cikin 1937 Jami'ar New York ta ɗauke shi shehun malamin ilmin ƙwayoyin cuta, bayan shekara guda kuma ta naɗa shi shugaban sashen koyar da aikin likita, tare da kula da ɗakunan jinya na jami'ar a asibitin Bellevue. Bellevue asibitin hukumar birni ne, matattarar talakawa da baƙin haure, gadajensa kuma ba sa rabuwa da masu ciwon huhu. Ya riƙe wannan muƙami shekara 20, ya tara matasan likitoci masu kaifin basira. Ɗaya daga cikinsu, Maclyn McCarty, Tillett ne ya nema masa gurbi wajen tsohon maigidansa Avery cikin 1941, kuma yana cikin mutum ukun da suka nuna cikin 1944 cewa sinadarin DNA ne yake ɗauke da gadon halitta.

A jami'ar ne aka warware yadda sinadarin Tillett yake aiki. Cikin 1941 Haskell Milstone ya nuna cewa ba ya narkar da fibirin tsantsa sai da taimakon wani abu da yake cikin jinin mutum. Cikin 1945 L. R. Christensen ya bayyana ko mene ne abin. Ashe jini yana ɗauke da nasa maganin gudan jini, wani furotin da yake kwance ba ya aiki, kamar wuƙa cikin kube, wanda aka sa wa suna filasminojin. In an zare shi sai ya zama filasmin, mai yayyanka zaren fibirin. Aikin sinadarin ƙwayar cutar shi ne zare wannan wuƙa. Christensen ne ya raɗa masa suna sitireftokinas.

Tillett bai fara da zuciya ba, da ƙirji ya fara. Yana cikin likitocin farko da suka gwada fenisilin a kan masu nimoniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuwa ga cewa ko da maganin ya kashe ƙwayoyin cutar, sau da yawa mugunya mai kauri ko daskararren jini yakan taru tsakanin huhu da haƙarƙari, ya matse huhun, allura kuma ba ta iya zuƙo shi sai an yi fiɗa. Cikin 1946 ya ɗauki wani matashin likita, Sol Sherry, suka fara zuba sitireftokinas cikin wannan gurbi a shekara ta gaba. Bayan 'yan sa'o'i sai abin da ya daskare ya tsinke, a zuƙe shi da allura, huhu ya buɗe. Suka kuma gano wani sinadari na biyu daga ƙwayar, wanda yake tsinka kaurin mugunya. Kamfanin haɗa magunguna na Lederle ya haɗa su biyun ya sayar da sunan Varidase. Cikin 1949 aka ba Tillett da Christensen lambar girma ta Lasker, wadda take cikin manyan kyaututtukan binciken likitanci a Amurka.

DAGA ƘIRJI ZUWA JIJIYA

Abin da ya rage shi ne babbar tambaya: shin ana iya zuba sinadarin cikin jini, ya bi jijiya ya narkar da gudan da ya toshe ta? Cutar da ta fi bukatar amsar ita ce bugun zuciya. Zuciya tsoka ce da ba ta hutawa, kuma ko da yake jini yana ratsa ɗakunanta dare da rana, abincinta yana zuwa ne ta wasu 'yan jijiyoyi da suka kewaye ta daga waje. Da shekaru, kitse yakan taru cikin bangon waɗannan jijiyoyi. Ran da wannan tarin ya tsage, sai jini ya ɗauke shi tamkar rauni, ya gina guda a kansa, gudan ya toshe hanya. Tsokar da take bayan toshiyar ta rasa iska da abinci, ta fara mutuwa, wadda ta mutu kuwa ba ta sake tohowa, sai tabo.

Tun 1912 wani likitan birnin Chicago, James Herrick, ya bayyana alamun wannan toshiya, ya kuma nuna cewa ba kowa take kashewa nan take ba. Amma abin da likita yake iya yi bai wuce allurar kashe zafi da kwantar da majiyyaci makonni a gado ba, kuma wajen mutum uku cikin goma na waɗanda suka kai asibiti ba sa fita da rai.

Cikin 1952 Tillett da Alan Johnson suka haddasa gudan jini cikin jijiyar kunnen zomaye, suka narkar da shi ta hanyar zuba sitireftokinas cikin jini. Cikin 1955 suka ba da rahoton gwada shi a jinin mutane. Ya tayar da filasmin kamar yadda aka zata, amma sai ya zo da zazzaɓi mai zafi da faɗuwar ƙarfin bugun jini, domin ba a iya tace shi sosai daga dattin ƙwayoyin cutar ba. Sherry, wanda a lokacin ya koma birnin St. Louis, shi ne ya ɗauki mataki na gaba. Cikin 1958 shi da Anthony Fletcher da Norma Alkjaersig suka ba da rahoton farko na ba masu bugun zuciya maganin ta hanyar ƙarin ruwa. Majiyyatan ba su da yawa, amma an ga alamar cewa waɗanda aka ba da wuri sun fi waɗanda aka ba a makare samun sauƙi. A wannan shekara ce Tillett ya sauka daga shugabancin sashensa.

SHEKARUN SHAKKA

Daga nan sai al'amarin ya yi sanyi. Kamfanin Lederle ya kasa samar da maganin da ba ya kawo zazzaɓi, ya janye, sai kamfanonin Behringwerke na Jamus ta Yamma da Kabi na Suwidin suka ci gaba da tace shi. An yi gwaje-gwaje da dama a Turai da Ostareliya cikin shekarun 1960 da 1970, amma galibinsu ƙanana ne, ana kuma ba da maganin bayan sa'o'i masu yawa, saboda haka sakamakonsu ya yi ta saɓa wa juna. Likitoci kuma suna tsoron zubar jini, tsoron kuwa yana da dalili.

Bugu da ƙari, wasu masanan da suke binciken gawa sun ce ba sa samun gudan jini a zuciyar mutane da yawa da bugun zuciya ya kashe, saboda haka suka yi zaton mutuwar tsoka ce take fara zuwa, gudan ya biyo baya. In haka ne, narkar da shi aikin banza ne. Abin da ba a yi la'akari da shi sosai ba shi ne cewa filasmin na jikin mutum yakan narkar da gudan da kansa bayan wani lokaci, sai dai a makare, bayan ɓarna ta riga ta auku. Ana cikin wannan gardama Tillett ya rasu, ran 4 ga watan Afrilu na 1974, yana da shekara 81. A ranar da ya rasu, a ƙasarsa ba a ɗauki maganin da ya gano a bakin maganin zuciya ba.

BAYAN RASUWARSA

Cikin shekara 14 da suka biyo baya aka warware gardamar mataki-mataki. Cikin 1976 Yevgeny Chazov ya ba da rahoto daga Mosko cewa ya zura siririn bututu har cikin jijiyar zuciya, ya zuba wani maganin narkar da guda, jijiyar ta buɗe. Cikin 1977 Keith Reimer da Robert Jennings suka nuna a jikin karnuka cewa tsokar zuciya ba ta mutuwa gaba ɗaya. Mutuwar takan fara ne bayan kamar minti 20 daga toshiya, daga ɓangaren ciki na bangon zuciya, ta riƙa ci zuwa waje sannu a hankali, kafin awa shida kuma yawancin tsokar da take cikin haɗari ta tafi. Ma'anar wannan ita ce duk abin da aka buɗe wa hanya kafin mutuwar ta iso shi, ya tsira. Cikin 1979 Peter Rentrop ya zuba sitireftokinas cikin jijiyar zuciya a garin Göttingen na Jamus ta Yamma, ya ɗauki hoton jijiyar kafin magani da bayansa. Cikin 1980 kuma Marcus DeWood, a garin Spokane na Amurka, ya ɗauki hoton jijiyoyin masu bugun zuciya suna da rai, ya tarar kashi 87 cikin ɗari na waɗanda aka duba cikin awa huɗu na farko jijiyarsu a toshe take ruf, adadin kuma yana raguwa in lokaci ya ja. Wannan ya tabbatar da maganar Herrick, ya kuma bayyana abin da ya ruɗi masu binciken gawa.

Saura hujja ta ƙidaya, daga Italiya kuma ta fito. Cikin 1986 aka buga sakamakon gwajin da ake kira GISSI, wanda ya ƙunshi majiyyata fiye da 11,000 a ɗakunan jinyar zuciya 176. Cikin mako uku, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda ba a ba maganin ba sun mutu, alhali kuwa cikin waɗanda aka ba kashi 10.7 ne. Ga waɗanda aka ba cikin awa ɗaya da fara ciwo, mutuwa ta ragu da kusan rabi. Cikin 1988 wani gwaji, ISIS-2, wanda aka shirya daga Oxford ta Ingila da majiyyata 17,187, ya nuna cewa in an haɗa sitireftokinas da asfirin, mutuwa cikin mako biyar tana sauka daga kashi 13.2 zuwa kashi 8 cikin ɗari. Daga nan maganin ya shiga aikin yau da kullum a asibitocin duniya.

Yau akwai sababbin magungunan narkar da guda waɗanda aka ƙera bisa sinadarin da jikin mutum yake yi don zare filasmin, kuma inda akwai kayan aiki da ƙwararru an fi son a zura bututu a buɗe jijiyar kai tsaye, muddin za a iya yin haka cikin awa biyu. Amma irin waɗannan asibitoci ba ko'ina suke ba, sitireftokinas kuwa yana da araha, ƙarin ruwa ne na awa guda, shi ya sa har yanzu ake dogara da shi a ƙasashe da yawa. Yana da haɗarinsa: yakan jawo zubar jini, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa, saboda haka ba a ba wanda bai daɗe da yin fiɗa ba ko mai gyambon ciki da yake zubar da jini. Ba a kuma cika maimaita shi ga wanda aka taɓa ba, saboda garkuwar jikin nan da Tillett ya gano tun farkon bincikensa.

Sharaɗinsa mafi girma shi ne lokaci. Mutumin da ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, mai sauka hannu ko hawa muƙamuƙi, tare da gumi da ƙarancin numfashi, in ya zauna gida yana jiran gari ya waye, tsokar zuciyarsa ce take ƙarewa, kuma babu maganin da zai dawo da wadda ta riga ta mutu. In ya isa asibiti cikin sa'o'in farko, akwai abin da likita zai yi masa, wanda babu shi a shekarar da Tillett ya gama makarantar likita.

Tillett ya bar abu uku: awon CRP, da maganin narkar da gudan jini, da ɗaliban da suka kai aikin inda shi bai kai ba. Sherry, wanda ya fara aiki a ƙarƙashinsa yana matashi, ya rayu har 1993, ya ga sakamakon Italiya da na Oxford da idonsa, kuma shi ne ya rubuta labarin kwalaben nan da maigidansa ya bari bai wanke ba.